Basarke da Abin da Ruwa Ya Ɓoye

Wanda ya taso daga Ka'oje zai tafi Bagudo, a gadar Tuga yake haye Kwara. In ya leƙa ta tagar mota, abin da zai gani bai wuce ruwa shimfiɗe ba, da tudun yashi nan da can, da ciyawa, da 'yan jirage suna kai da kawowa. Minti biyu ya wuce, ya koma hirarsa. Ka kawo tsohon Basarke ka tsayar da shi a kan gadar nan, sai ka gaji da saurare. Zai nuna maka inda ruwan ke shanye mutum da inda ba zai wuce gwiwa ba, da yashin da ya taso bana wanda bara babu shi, da gefen da kifi ke kwana, da lungun da shi kansa ba zai kai jirginsa ba in rana ta yi sanyi. Ruwa ɗaya kuke kallo, amma kai samansa kawai ka gani.

A wasu ƙasashe irin wannan ido sana'a ce mai lasisi da albashi. Tsibiran Galafagos na ƙasar Ekwado suna can kusan kilomita 1,000 cikin tekun Fasifik, kuma mutane kan yi shekaru suna tara kuɗi don su shiga jirgin ruwa su yi mako guda suna zagaya su, suna kallon manyan kunkuru da tsuntsayen teku da sauran halittun da suka ɗaure wa Charles Darwin kai a 1835. Tun 1959 aka killace wurin. Baƙo ba ya taka inda aka keɓe sai da ɗan jagoran da hukuma ta horar, ba ya kuma matsar dabba ƙasa da mita 2. Cikin maƙudan kuɗin da suke biya akwai ladan idon ɗan jagoran. Sai dai aikinsa da sauƙi in aka gwada da na mutumin Lolo ko Tuga. Ruwan tekun can garau yake, dabbobin kuma ba su san tsoron mutum ba, wani lokaci kai ne za ka kauce musu a hanya. Kwara kuwa wata da watanni ko tafin hannunka ka tsoma ba za ka gan shi ba, kuma duk mai ran da ke cikinsa ya gaji gudun ɗan Adam kaka da kakanni. Kifi na ganinka, mai jar koma. Wanda zai nuna maka dabba a irin wannan ruwa da alama yake aiki, gani sai daga baya.

Sarkawa ba baƙin kogin nan ba ne. Tun zamanin daular Songhai su ne masu jiragen da Askiya ke dogara da su wajen sufuri da yaƙi, kuma a ƙarni na 16 Kanta na Kabi, mai birnin Surame, shi ma da jirage ya riƙe fadamun gulbin Kabi. Daga ƙasar Kabi ne reshensu mai magana da Hausa ya bazu, suna hawa kogin har Mali, suna gangarawa har Yawuri da ƙasar Nupe, duk inda suka sauka su kafa tunga. Labarin kakansu na tatsuniya, Faran Maka Bote, gwagwarmaya ce daga farko har ƙarshe da dorina da mutanen ɓoye na cikin ruwa. Yawancinmu a bikin kamun kifi na Argungu muka san su, bikin da ya samo asali a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Amma homa da gora da faɗawa Matan Fada da gudu awa ɗaya ce daga aikin shekara. Ainihin gwanintar ba ta da 'yan kallo.

Farkon abin da ɗan Basarke ke buɗe ido da shi shi ne ruwan nan iri biyu ne. Akwai farin ruwa, na damina, wanda ke zuwa daga Agusta zuwa Oktoba ɗauke da laka, daga gulbin Kabi da ƙoramun ƙasar Benin irin su Mekuru da Alibori da Sota. Ya cika, ya malale fadama, ya fara ja. Sai kuma cikin hunturu, babu ko ɗigon hadari a sama, kogin ya sake tasowa. Wannan shi ne baƙin ruwa. Ruwan sama ne da ya zuba a duwatsun ƙasar Gini tun damina, ya gangaro ya bazu a fadamun Masina na Mali, ya yi watanni a can yana sauke lakarsa, sannan ya iso mana daga Disamba zuwa Fabrairu a tace. Kogin da tsawonsa ya kai kilomita 4,180 ba ya sauri. Kowane ruwa da yadda yake juya dabbobi. In farin ruwa ya hau, kifi da ayu sai su bar tsakiyar kogi su shige burgu da gonakin shinkafa, dorina ma ta watsu, kowace ta kama gabanta. In ruwa ya janye wajen Afrilu da Mayu, duk su taru a 'yan gurabe masu zurfi, wuri ya yi ƙunci, zuciya ta yi kusa. Don haka tambayar “ina dorina take?” ba ta da amsa ɗaya. Basarke zai fara duban watan da ake ciki da launin ruwan kafin ya buɗe baki.

Sannan ga gungu da yashi. Daga inda Mekuru ya faɗa Kwara har zuwa Lolo, inda kogin ke shigowa Najeriya, ruwan kan rabu ya zagaye tsibiri ya sake haɗuwa, haka yake ta yi har Yawuri, ƙasar Gungawa. Hanyar jirgi ba ta zama wuri ɗaya. Inda aka wuce bara da buhunan shinkafa, bana sai ka tarar da shanun Fulani suna kwance. Mai jirgi na gane zurfi da fuskar ruwa: inda yake tafiya lif, da duhu, akwai zurfi; inda ya yi ƙananan yamutsa yana ƙyalli, yashi na kusa; inda yake murɗawa ya koma baya, akwai dutse ko kututture a ƙasa. Abin da ido ya yi shakka, gwangwala ta tabbatar. Kada ka raina wannan sani. Benin da Nijar sun yi shekaru arba'in suna jayayya a kan tsibirin Lete, har sai da suka kai ƙara Kotun Duniya a Hague. Hukuncin 12 ga Yuli 2005 game da tsibiran kogin ya rataya ne a kan tambaya ɗaya, wato ta wane gefen kowane tsibiri babbar hanyar jirgi ta bi. Da ma'aunan zurfi aka raba tsibirai 25, Nijar ta samu 16 har da Lete, Benin ta samu 9. Alƙalai da injiniyoyi sun kwashe shekaru a kan abin da masu jirgin Gaya da Malanbil, garuruwan iyakar ƙasashen biyu, ke warwarewa kullum kafin hantsi. Tarihi ma ya ba da nasa misalin. Mungo Park ya gangaro kogin nan tun daga Sansandin a Mali da jagoransa Amadi Fatuma. A Yawuri suka rabu a farkon 1806, kuma bai yi nisa ba ruwa ya ci shi a duwatsun Busa.

Dorina ita ce babbar jarrabawa. Namijinta kan kai kilo 1,500, wasu su ninka haka, amma in ta kwanta a ruwa abin da ke waje bai wuce kunnuwa da idanu da ƙofofin hanci ba, duk a jere a saman kai. Daga nesa ba ta da maraba da dutse. Basarke ba ya jiran ya ga kan, tun daga gaɓa yake fara lissafi. Dorina da dare take fita kiwo, takan ci ciyawa wajen kilo 40 kafin asuba, kuma hanya ɗaya take bi ta fita ta koma har wurin ya zama kwari a jikin gaɓa, sawu biyu a jere da ɗan tudu a tsakani. Kashinta ba ta tara shi wuri ɗaya, da wutsiya take watsa shi a kan ciyawa da gumbi. In ɗanye ne, ba ta yi nisa ba. In ƙaramin sawu ya bi babba, akwai ɗa, lissafi ya canja gaba ɗaya.

A kan ruwa kuma wata alamar ce. Dorina ba iyo take yi irin na kifi ba, a ƙasan kogi take tafiya tana tunkuɗar ƙasa da ƙafa, saboda haka takan bar layin kumfa da laka yana tasowa a bayanta, kuma layin nan na faɗa wa mai ido inda ta dosa. Ba ta cika wuce minti 5 a nutse ba. Shi ya sa gwanin mai jirgi ƙirga yake yi: in kawuna shida suka nutse, sai ya ga shida sun fito kafin ya gusa. Wanda bai fito ba shi ne abin tsoro. Wani sa'in sai ya ɗan ƙwanƙwasa gefen jirgi da filafili, don ta ji, ta ɗago ta ga ko wane ne, shi kuma ya san inda take. Ba ya son ya ba ta mamaki. Doka mafi girma kuwa ita ce dorina in ta tsorata zurfi take nufa, ba ta kauce wa abin da ke gabanta. Baƙo in ya hango ta kusa da gaɓa, zuciyarsa za ta ce a koma tsakiyar kogi, alhali nan ce hanyar gudunta. Basarke kan bar mata zurfin, ya rungumi inda ruwa bai kai ƙugu ba. Hammar da masu hoto ke so, wadda take buɗe baki har a ga haure, ba barci take ji ba, gargaɗi ne. Garken da ke kwance tare da sauƙi. Wanda ake yi wa nisa sosai shi ne namijin da aka kora daga garke, yana shi kaɗai da tabon faɗa a gadon baya, sai kuma uwa mai sabon ɗa.

Yadda ake koyar da wannan abin kallo ne. Ka zauna a tsakiyar kwale-kwale da sassafe, uba a baya da filafili, ɗansa ɗan shekara goma a gaba da gwangwala. Babu mai magana. Can sai ka ji filafili ya daina taɓa ruwa, jirgi na tafiya da kansa. Uban ba zai nuna da yatsa ba. Ƙasa-ƙasa zai tambaya, da harshensu na yamma:

“Kai, mi ka gani gaban gumbin can?”

Yaro ya ƙura ido. “Icce na, Baba.”

“Icce na kaɗa kunne?”

Shiru. “Dorina ta.”

“Nawa?”

“Biyu.”

“Sake ƙirgawa.”

Na ukun ɗan ƙarami ne, ya ɗora haɓa a bayan uwarsa. Uban ba zai yi faɗa ba, ba zai kuma yaba ba. Zai karkata jirgi ya bi ta ɗaya gefen gungu, tafiyar ta ƙaru da rabin awa, yaron kuwa ba zai sake cewa biyu ba sai ya tabbata. Kai baƙo, har aka wuce, kututturen ma da kyar ka gano shi.

Kunne ma na aiki. Kukan dorina kan kai nisan fiye da kilomita ɗaya a kan ruwa. A 2022 wasu masu bincike a Mozambik suka naɗi kukan suka sake wa garke daban-daban ta lasifika, suka gano dorina na bambance muryar 'yan garkenta da ta maƙwabta da ta baƙuwa, in ta ji baƙuwa sai ta taso tana watsa kashi. Mai kwana a tunga bai san da wannan bincike ba, amma da dare yana kwance yana jin daga wane gurbi kukan ke fitowa, da safe kuma ya san ko garken ya matsa.

Ayu kuwa akasin dorina ne ta kowace fuska. Ba ya faɗa, ba ya fitowa tudu, ba ya kukan da za ka ji daga gaɓa. Mutum kan tsufa a bakin Kwara bai taɓa ganinsa da rai ba. Tsawonsa kan kai mita 3, nauyinsa ya haura kilo 300, kuma masana sun ce cikin dabbobin tudu giwa ce 'yar uwarsa ta kusa. Macen a hammata take da nono, nan ɗan ke tsotsa a cikin ruwa. In zai shaƙi iska ƙofofin hanci kawai yake fitarwa, daƙiƙa biyu ko uku, ya rufe su ya koma. To, ta ina za a san yana nan?

A nan ne nake ganin gwanintar ta kai maƙura. Ayu ciyawar ruwa yake ci, musamman burgu, kuma ba mai tsabtar ci ba ne: yakan bar guntayen kara suna yawo a kan ruwa, gefensu a tattaune, ba a yanke irin na lauje ba. Mai sani kan tsamo guntu ɗaya ya duba ko ɗanye ne, ya dubi inda ruwa ya ɗauko shi, ya bi baya. Kashinsa ba ya nutsewa, a sama yake yawo. In yana tafiya kusa da saman ruwa, faffaɗar wutsiyarsa kan bar da'ira mai santsi, ɗaya bayan ɗaya, wadda ba ta jimawa take ɓacewa. Manomi kan tashi ya tarar an aske masa shinkafa daga gefen ruwa, babu sawu ko ɗaya a tudu. Masunci kan ɗago raga ya tarar da kifi an tsotse naman an bar ƙaya da kai. Duk waɗannan sa hannun ayu ne. Masu farautarsa na da can gado suke kafawa a kan sanduna cikin ruwa, su ɗaure ɗanyar ciyawa a ƙasa, mutum ya hau ya zauna da zago tun magariba. Ba tari, ba taba, ba korar sauro, domin ayu na da kunne, motsi kaɗan ya bar wurin. Abin da ake jira shi ne ƙarar numfashinsa cikin duhu, huci ɗaya. Wani ya yi dare da dare a haka bai ji ba. Ɗan jagoran da ke nuna wa baƙi dabbar whale a teku da na'urar hango nesa da rediyo yake aiki, abokan sana'arsa na faɗa masa inda aka ga dabbar. Wannan shi kaɗai ne, da kunnensa.

Haƙurin nan ya yi wa ayu tsada. Macen kan yi kusan shekara da ciki, ta haifi ɗa ɗaya, sannan a yi shekaru kafin ta sake. Dabbar da ke haihuwa haka ba ta jure farauta. Madatsar Kainji da aka gama a 1968, wadda ta tashi mutane kusan 44,000 ta kuma nutsar da tsibirin Foge da tsohuwar Busa, ta raba ayun sama da na ƙasa, ba sa haɗuwa. A 2013 yarjejeniyar CITES ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Amma shiga kowace kasuwa ka ji yadda masu kayan mata ke tallar man ayu. Da duk kwalaben nan na gaske ne, da tuni babu ayu ko ɗaya daga Gini har teku. Mafi yawa ƙarya ce, kuma a wannan karon ƙaryar ta fi gaskiyar sauƙi, domin kowace kwalba ta gaske dabba guda ce da za a yi shekaru ba a mayar da gurbinta ba.

Kifi da tsuntsaye ba sai an daɗe a kansu ba, duk da nan ne yaro ke fara gwada idonsa. Basarke na gane kifi daga yadda ya motsa ruwa: tsage sara yake kai wa ƙananan kifi su watse, bargi leƙowa yake ya haɗiyi iska, ƙurungu in ya shiga hannu gurnani yake. Ya san sheƙar bargi, fili zagayayye da ya share cikin ciyawa, ya san ta yauni wadda ke yawo a kan ruwa, ya kuma san ba a sa hannu a ciki, don yauni na gadi kuma yana cizo. Yaunin nan ne Hans Lissmann na jami'ar Kambirij ya sa a tanki, ya sanar a 1951 cewa yana fitar da 'yar wutar lantarki mara ƙarfi, daga baya aka tabbatar da ita yake laluben hanya a ruwan da ido ba ya aiki. Tsuntsu kuma ɗan rahoto ne. Inda zalɓe ya tsaya, tsawon ƙafarsa ya faɗa maka zurfin wurin. Zakaran ƙeƙuwa in ya ɓarke da ihu a kan yashi, wani abu ya motsa. Carki a kan abin da ka ɗauka dutse ne, to ba dutse ba ne. Kirinjijiya da dinya 'yan gida ne, amma cikin agwagin ruwan da ke cika fadama da hunturu akwai waɗanda daga Turai da Rasha suka taso, suka ƙetare Sahara, kuma wajen Maris za su koma. Kada kuma da dare ake ƙirga shi, idonsa ja yake yi a hasken tocila. Sarkawa sun daɗe suna cewa ba kowane kada ne mugu ba, wasu ma ana wanka kusa da su, har ana cewa Sarkin Ruwan Argungu kan sallame su kafin a shiga kamun kifi. A 2011 binciken ƙwayoyin halitta ya nuna kadan Afirka ta Yamma jinsi ne daban da na kogin Nilu, kuma bai kai shi faɗa ba.

Babu amfanin ɓoye cewa duk wannan sani don kisa aka tara shi, ko don kada a kashe ka. A 1951 Bafaranshe Jean Rouch ya ɗauki fim na farautar dorina a wajen Ayoru ta Nijar, inda Sarkawan can suka sassaƙa babban jirgi, suka ƙera zaguna, suka yi makonni suna bin wani tsohon namiji wanda a ƙarshe ya farfasa musu jirgin ya tsere. Da ya koma ya nuna musu fim ɗin, sai suka ƙi amincewa da kiɗan da ya sa a ciki. Suka ce farautar dorina shiru ake yinta, kiɗa ƙarfin zuciya zai ƙara wa dabbar. Ya cire kiɗan. Mutanen da ba su taɓa shiga silima ba suka gyara wa mai fim aikinsa, domin su dorina suke kallo, shi kuwa hoto.

Yau rikicin ya sauya kama. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa bashi a Kebbi a Nuwamba 2015, noman rani ya mamaye fadamun da dorina ke kiwo, ita kuma ba ta san iyakar gona ba. Wanda ta cinye masa shinkafar shekara a dare ɗaya, ba ka da bakin yi masa wa'azin kare namun daji. A Nuwamba 2014 dorina ta kifar da jirgi kusa da Yamai, mutum 13 suka rasu, 12 daga ciki 'yan makaranta. A 2017 mutanen yankin Ayoru suka kashe dorina fiye da 20 cikin 'yan watanni, a shekarar ce kuma gwamnatin Nijar ta keɓe musu mafaka a can. A Oktoba 2024 mutanen Yawuri suka farauto wadda ta kashe wani magidanci, aka raba naman a gari. A duk irin waɗannan lokuta, in hukuma ta rasa inda dabbar take, masu jirgi ake kira. Sai dai ana kiransu ne bayan an yi gawa, alhali su ne za su iya faɗa tun kafin shuka wace fadama ce hanyarta, wace mashiga ce bai kamata jirgin 'yan makaranta ya bi da yamma ba.

Wasu wuraren sun juya wannan sani ya zama abinci ba tare da an zubar da jini ba. A Wecawu, arewa maso yammacin Gana, sarakunan gargajiya ne da kansu suka keɓe kilomita 40 na kogin Bakin Bolta a ƙarshen shekarun 1990, 'yan garin suka zama masu gadi da masu tuƙa baƙi a kwale-kwale su ga dorina, kuɗin kuma ya koma rijiyoyi da makarantu. A tsibiran Bijagos na Gini Bisau, waɗanda suka kai 88, baƙi na shiga jirgi zuwa Orango don ganin dorinar da ke shiga ruwan gishiri, kuma 'yan tsibirin ne jagora. Mu ma abin bai yi mana nisa ba. Gandun dajin W, wanda aka kafa a 1954 kuma ya ratsa Nijar da Benin da Burkina Faso, yana can sama da Gaya, na Kainji kuma yana ƙasa da mu. Ka'oje da Illo da Lolo a tsakaninsu suke. Abin da ya hana kowa ya san shi: dazuzzukan biyu sun zama maɓoyar 'yan bindiga, kuma babu baƙon da zai zo kallon tsuntsu inda mai gida ke kwana da ido ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne injin. Jirgin inji ya sauƙaƙa rayuwa, babu mai musu, mai naƙuda da ake kaiwa asibiti ba ta da lokacin filafili. Amma yaron da ya tashi a bakin inji ba ya jin hucin ayu, ba ya ƙirga kawuna, gudu ne dabararsa, kuma ragar roba mai arha da yake shimfiɗawa ba ta bambance tarwaɗa da ɗan ayu. Sanin da ake koya da shiru ba ya shiga kai cikin ƙara. Shi ya sa nake ganin ba sai an jira Turawa ba. 'Yan sakandaren Ka'oje da Bagudo, da ɗaliban kimiyyar halittu na jami'o'in Birnin Kebbi da Aliero, da masu bincike na cibiyar kifi ta Sabuwar Busa, su ne ya kamata su fara zama a tsakiyar kwale-kwalen nan da littafi a hannu, tun tsofaffin na da ƙarfin tuƙi. Lokacin da ya fi dacewa Janairu ne ko Fabrairu, sa'ad da baƙin ruwa ya zo, ruwa ya washe, tsuntsayen ƙetare ba su koma ba. A fita bayan sallar asuba, a jirgin filafili, mutum uku ko huɗu, kowa da rigar ruwa a jikinsa, a kashe waya. A nemi izinin sarkin ruwan wurin, shi zai ce ga wanda za a bi. Kuma a biya mai jirgin kuɗin yininsa tun kafin a tashi, ko an ga ayu ko ba a gani ba.